Dodon da Bam Ya Haifa: Inda Godzilla Minus One Ya Yi Ƙarfi da Inda Ya Gaza

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya. Tun yanzu ina gargaɗi: zan faɗi yadda fim ɗin ya ƙare, don haka wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya ajiye karatun sai ya kalla.

Yau a kan fim ɗin dodo za mu yi magana. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu sai dodo? Ni ma haka nake gani a da. Na ɗauki irin waɗannan fina-finai a matsayin abin yara: ƙaton ƙadangare ya fito daga teku, ya rushe benaye, sojoji su yi ta harbi a banza, a tashi. Ƙanena ne ya matsa mini na kalli Godzilla Minus One, fim ɗin Japan na 2023. Da na gama sai na koma neman tarihin dodon kansa, kuma abin da na tarar shi ya sa na ce sai mun yi shiri a kai. Ba za a iya auna ƙarfi da raunin wannan fim ba sai an san daga ina Godzilla ya fito.

Mu koma ranar 1 ga Maris, 1954. Wani ƙaramin jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da masunta 23 a ciki, yana tekun Pasifik kusa da tsibiran Marshal. Kafin gari ya waye sai suka ga haske ya tashi daga yamma kamar rana ta fito ta inda ba ta saba ba. Amurka ce ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki dubu na wanda aka jefa a Hiroshima, kuma ya ninka abin da masanan da suka haɗa shi suka yi tsammani fiye da sau biyu. Jirgin yana wajen iyakar da Amurka ta ce akwai haɗari, amma bayan 'yan sa'o'i sai wata farar toka ta fara zubo musu. Ba su san mece ce ba, har wani ya ɗanɗana ta. Kafin su isa gida a tashar Yaizu ranar 14 ga Maris, fatarsu ta ƙone, gashi ya fara zuba. A watan Satumba na wannan shekara mai kula da rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu.

Ku tuna shekara tara kacal ke nan da Hiroshima da Nagasaki. Kuma daga 1945 zuwa 1952, lokacin da Amurka ke mulkin Japan, an taƙaita abin da jaridu da fina-finai za su iya faɗa a kan bam ɗin. Mutane sun haɗiye abin a ciki. Da labarin masuntan ya fito sai komai ya fashe. Aka daina sayen kifi, aka riƙa binne kifin tuna da aka samu da guba. Matan aure na unguwar Suginami a Tokiyo suka fara tattara sa hannu don a hana makaman nukiliya, kuma kafin ƙarshen 1955 mutum sama da miliyan 30 sun sa hannu. Wannan tsoron toka mai zuwa da iska mu ma ya taɓa zuwa ƙofarmu: Faransa ta fara gwada nata bam ɗin a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, kuma a Janairun 1961 Nijeriya ta kori jakadan Faransa a kan waɗannan gwaje-gwaje.

A cikin wannan yanayi ne kamfanin Toho ya fitar da Gojira ranar 3 ga Nuwamba, 1954, wata takwas bayan abin da ya sami masuntan. Sunan haɗi ne na kalmomin Japananci biyu, ta goggon biri da ta wannan ƙaton kifin teku da ya fi kowace dabba girma. Furodusa Tanaka Tomoyuki ya ga yadda fina-finan dodanni na Amurka irin su King Kong ke kawo kuɗi, wannan gaskiya ne, kasuwa ce ta fara jawo shi. Amma daraktan da ya ba aikin, Honda Ishiro, tsohon soja ne da ya yi yaƙi a ƙasar Sin, kuma a hanyarsa ta dawowa gida ya bi ta Hiroshima ya ga abin da ya rage. Shi ya sa fim ɗin ya buɗe da jirgin ruwa da wani haske ya ƙone a tsakiyar teku. Duk Bajapanen da ke zaune a silima a ranar ya san me ake nufi. Akwai wurin da ake nuna asibiti cike da raunatattu, ana kara wa yara na'urar auna tururin nukiliya tana ƙara. Dodon kuwa mutum ne, Nakajima Haruo, a cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gine-ginen da Tsuburaya Eiji da mutanensa suka ƙera. Kukan dodon ma da safar hannu ta fata aka yi shi, ana goga ta a tsirkiyar wani ƙaton goge irin na Turawa.

Ƙarshen wancan fim ku riƙe shi, za mu dawo kansa. Wani masanin kimiyya mai suna Serizawa ya ƙirƙiro makamin da zai iya kashe dodon, amma yana tsoron kada gwamnatoci su mayar da shi wani sabon bam. Sai ya ƙone takardunsa, ya nutse da makamin ƙarƙashin teku, ya yanke igiyarsa ya mutu tare da dodon, don kada ilimin ya rage a kan kowa.

To, me ya faru da dodon bayan nan? Sai Amurkawa suka sayi fim ɗin, suka yanke wurare da dama da ke magana a kan bam, suka cusa ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida. Wannan sigar ce duniya ta sani shekaru da yawa, domin asalin bai samu fitowa sosai a silimomin Amurka ba sai 2004. A Japan ma kasuwa ta juya shi. A fim ɗin 1965 Godzilla har rawa yake takawa, a 1967 aka ba shi ɗa. Ya zama abokin yara mai kare duniya. Da Hollywood ta yi nata a 1998, sai aka ɗora laifin haihuwar dodon a kan gwajin Faransa. A na 2014 kuma aka ce ai gwaje-gwajen da aka yi a Pasifik yunƙuri ne na kashe dodon. Kun ji fa. Bam ɗin da ya haifi dodo ya koma maganin dodo. Wanda ke riƙe da kyamara shi ke raba laifi.

Wannan doguwar hanya ce ta kawo mu Godzilla Minus One, wanda Yamazaki Takashi ya rubuta ya kuma ba da umarni, aka fitar da shi ranar 3 ga Nuwamba, 2023. Ma'anar sunan ita ce yaƙi ya mayar da Japan sifili, dodon kuma ya tura ta ƙasa da sifili. Labarin yana tsakanin 1945 da 1947. Shikishima matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne, irin waɗanda ake kira kamikaze. Ya ji tsoron mutuwa, ya yi ƙaryar jirginsa ya lalace, ya sauka a tsibirin Odo. A daren dodon ya fito, aka ce ya harba bindigar jirginsa, hannunsa ya kasa, makanikai suka mutu saura mutum ɗaya. Ya koma Tokiyo ya tarar iyayensa sun mutu a ruwan bama-bamai, maƙwabciyarsa da ta rasa 'ya'yanta tana zaginsa don ya dawo da rai. Sai ga wata budurwa, Noriko, ɗauke da jaririyar da ba ita ta haifa ba. Su ukun suka zauna a kango ɗaya, ba aure, ba dangantakar jini.

Ƙarfin fim ɗin na farko ke nan: mutanen ciki mutane ne. A yawancin fina-finan dodanni, in 'yan Adam suna magana jira kawai kake a dawo da dodo. A nan kuwa sai na sami kaina ina fargabar fitowarsa, saboda na san waɗanda zai taka. Kuma abin da aka gina labarin a kai ya faru. A daren 9 zuwa 10 ga Maris, 1945, jiragen Amurka sun ƙone gabashin Tokiyo, mutum kusan dubu 100 suka mutu a dare ɗaya. Matuƙan kamikaze kusan 3,800 ne suka mutu daga Oktoban 1944 zuwa ƙarshen yaƙin, akasarinsu samari da ba su kai shekaruna ba. Aikin da Shikishima ya samu, na kwashe nakiyoyin teku a jirgin katako, shi ma aiki ne da tsofaffin sojojin ruwan Japan suka yi da gaske bayan yaƙi.

Na biyu, an mayar wa dodon kwarjininsa. Ba ya fitowa da yawa, kuma duk fitowarsa da abin da take ɗauke da shi. Wurin da yake bin ƙaramin jirgin katakon nan a teku, kansa kawai a waje, wallahi sai da na gyara zama. A unguwar Ginza kuma, da ya saki wutar bakinsa, abin da ya tashi shi ne gajimaren nan mai kama da laima da kowa ya sani daga hotunan Hiroshima, sannan baƙin ruwan sama ya biyo baya, kamar yadda ya sauka a kan mutanen Hiroshima a 1945. Bayan shekaru na rawa da dambe da wasu dodanni, Godzilla ya koma abin da Honda ya nufa da shi.

Na uku, kuma wannan ne ya fi taɓa ni, shi ne yadda fim ɗin ya juya ƙarshen na 1954. Kafin a fita yaƙi da dodon, injiniyan da ya tsara dabarar ya tsaya gaban mutane yana lissafa yadda ƙasarsu ta ɗauki ran ɗan Adam da arha: tankoki marasa kariya, sojoji da yunwa da cuta suka kashe, jiragen da ba su da hanyar tsira ga matuƙi. Ya ce burinsa a wannan karon kada kowa ya mutu. Shikishima ya shirya ya kutsa jirginsa cikin bakin dodon ya mutu, don ya biya bashin da yake ganin yana kansa. Amma makaniken nan ɗaya da ya tsira a Odo, wanda ya fi kowa tsanarsa, shi ne ya nuna masa kujerar da za ta cilla shi waje, ya ce ya rayu. Serizawa ya mutu don a tsira, Shikishima ya tsira kuma ba a kira shi matsoraci ba. A ƙasar da aka taɓa koya wa samari cewa mutuwa don sarki ita ce ƙololuwar daraja, wannan magana ce babba. Kuma duk inda manya ke zaune a inuwa suna tura matasa su mutu, saƙon zai sami masu fahimtarsa ba sai an fassara ba.

Na huɗu shi ne aikin hannu. An yi fim ɗin da ƙasa da dala miliyan 15, alhali irinsa a Hollywood yana cin sama da miliyan 100. Mutum 35 ne suka yi siddabarun kwamfuta na fitowa 610. A Maris na 2024 suka ci kyautar Oscar a wannan fanni, karo na farko da wani fim ɗin Godzilla ya ci cikin shekara 70. Sai dai kafin mu yi ta tafi, mu tuna cewa wani ɓangare na wannan arha daga albashin ma'aikata yake fitowa, domin abin da ake biya a masana'antar fim ta Japan bai kama ƙafar na Amurka ba.

Yanzu mu zo ga rauni, kuma zan fara da ƙanana. Wasan wasu 'yan wasan ya cika ihu da kuka, abin da fuska za ta iya faɗa sai an faɗe shi da baki sau biyu. Noriko kuma ba a ba ta rayuwar kanta ba. Aikinta a labarin shi ne ta jira Shikishima, ta ture shi daga haɗari a Ginza, iskar fashewar ta tafi da ita don ya sami dalilin ɗaukar fansa. Sannan a minti na ƙarshe sai ga ta a gadon asibiti da bandeji. Na san an nuna wani baƙin tabo a wuyanta don a ce akwai sauran magana, amma gaskiya fashewar da ta share unguwa guda ba ta barin mutum haka. Fim ɗin ya ji tsoron ya bar mu da rashi, alhali rashi ne jigonsa.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi. Ina Amurka? A 1947 ba gwamnatin Japan ke da ta cewa a Japan ba. Hedikwatar Janar MacArthur tana 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga Ginza, kuma sojojin mamaya sun cika unguwar. A fim ɗin da ƙyar za ka ga Ba'amurke ɗaya a titi. An nuna gwajin Bikini na 1946 na 'yan daƙiƙoƙi, sannan aka ce Amurka ba za ta sa hannu ba don kada Tarayyar Sobiyet ta harzuƙa. Shi ke nan an sallame ta. Wanda ya tayar da dodon ya fita daga labarin ba tare da kowa ya tuhume shi ba. Mutanen tsibiran Marshal kuwa, waɗanda aka kwashe daga Bikini a 1946, da na Rongelap da toka ɗaya da ta masuntan nan ta zubo musu a 1954, ko ambatonsu babu.

Na uku shi ne babba. In wannan fim kaɗai ka kalla, za ka ɗauka yaƙin wani bala'i ne da ya faɗo wa Japanawa daga sama, kuma laifin shugabanninsu ɗaya ne: sun yi wasa da rayukan 'yan ƙasarsu. To, rayukan wasu fa? Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Sojojinta sun yi kisan kiyashi a Nanjin a Disambar 1937. Fararen hula kusan dubu 100 sun mutu a yaƙin Manila a Fabrairun 1945. An tilasta wa mata daga Koriya da Sin da Filifin zama bayin lalata na sojoji. Dubun-dubatar leburori 'yan Asiya sun mutu a aikin titin jirgin ƙasa tsakanin Tailan da Burma. A cikin awa biyu, ba wanda ya yi mafarkin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mafarkin Shikishima duka na 'yan uwansa Japanawa ne da ya kasa ceta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kakanninmu sun yi wannan yaƙi. Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Nijeriya, da yawa daga Arewa, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kai su dazukan Burma, wadda tsofaffi ke kira Bama, suka gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Barikin Chindit a Zariya da barikin Dalet a Kaduna daga can suka samo sunayensu. Waɗannan samari ma an ɗauki ransu da arha, a yaƙin dauloli biyu da ba nasu ba. Don haka lokacin da na ga tsofaffin sojojin ruwan Japan a ƙarshen fim sun jeru a kan jiragensu suna sara wa dodon da ke nutsewa, an ba su yaƙi mai tsabta da za su ci bayan wanda suka sha kashi, sai na ji abu biyu a lokaci guda. Na ji daɗin labarin, na kuma tambayi kaina su waye aka share don daɗin ya yiwu.

Don a yi adalci, na 1954 ma bai ambaci waɗanda Japan ta zalunta ba. Kuma wani zai ce fim ɗin dodo ne, ba littafin tarihi ba. Na yarda, amma fim ɗin ne da kansa ya zaɓi ya tsaya a 1945, ya yi wa gwamnatin lokacin hukunci. Wanda ya buɗe shari'a ba zai kira rabin shaidu ya rufe ba. Kuma an taɓa yin abin a cikin gidan Toho ɗin nan: a fim ɗin 2001 na darakta Kaneko Shusuke, an bayyana Godzilla a matsayin tarin rayukan waɗanda suka mutu a yaƙin Pasifik, sun dawo ne don Japan ta manta da su. Ke nan dodon zai iya ɗaukar wannan kaya in an ɗora masa. Yamazaki kuma ba baƙo ba ne ga wannan suka, domin fim ɗinsa na 2013 a kan matuƙan kamikaze, The Eternal Zero, ya sha zargin ƙawata su.

To, a kalla ko kada a kalla? A kalla, har sau biyu ma. A ganina yana cikin mafi kyawun abin da aka yi da wannan dodo tun 1954, kuma ya tabbatar da cewa fim ɗin dodo yana yin ƙarfi ne gwargwadon ciwon gaske da aka sa a cikinsa. Amma ciwon da Japan ta ji kawai ya ɗauko, ya bar wanda ta jawo wa wasu. In kun samu dama ku haɗa shi da na 1954, asalin na Japan ba wanda Amurkawa suka yanka ba, sai ku gani da idonku abin da aka riƙe da abin da aka zubar a cikin shekara 70.

Ina so in ji daga gare ku, musamman wanda a gidansu akwai kakan da ya je Bama: me ya ba ku labari, kuma akwai wanda ya rubuta shi? Ku ajiye mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.